Kuɗin Goron Da Ake Yi Wa Jihar Borno

Tun daga Yulin 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke, sunan Borno ya daina zama sunan wuri a kunnen mafi yawan 'yan Nijeriya, ya koma sunan bala'i. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa can, 'yan uwa kan yi masa jaje kafin ya ɗaure kaya. Ɗan kwangila kan ƙara kuɗi a kan aikinsa da sunan kasada ko da a tsakiyar Maiduguri zai yi shi. Hukumar yi wa ƙasa hidima ta shafe sama da shekara goma ba ta buɗe sansanin horar da matasa a jihar ba, sai a 2023 ta koma. Har taken da ke jikin lambar motocin jihar, wanda ke kiranta gidan zaman lafiya, ya zama abin zolaya a bakin masu barkwanci a intanet.

Ba wanda zai ce tsoron nan ba shi da tushe. An yi yaƙi a Borno, kuma har gobe bai ƙare ba. Abin da bai dace ba shi ne yadda aka haɗa wanda aka kashe da wanda ya yi kisan aka kira su da suna ɗaya, sannan aka ɗauki halin da dazuka da tsibirai suke ciki aka shafa wa jiha sukutum. Waɗannan kurakurai biyu su ne suka gina sunan da ake jifan Borno da shi, kuma duka biyun ana iya auna su da taswira da kwanan wata.

A fara da taswirar. Faɗin Borno ya kai murabba'in kilomita dubu 70 da ɗoriya, jihar Neja ce kaɗai ta fi ta girma. Ta ninka jihar Kano sau uku da rabi, ta fi ƙasar Togo faɗi, ta kuma ninka jihohi biyar na kudu maso gabas idan an haɗa su wuri ɗaya. Tana da ƙananan hukumomi 27, kuma ita kaɗai ce jihar da ta yi iyaka da ƙasashe uku: Nijar, Chadi da Kamaru. Mayaƙa ba su bazu a wannan faɗin daidai wa daida ba. Maɓoyarsu sanannu ne: dajin Sambisa, duwatsun Mandara da ke bayan Gwoza, dajin Alagarno da ke tsakanin Damboa da iyakar Yobe, da tsibiran Tafkin Chadi. Ƙananan hukumomin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne waɗanda ke maƙwabtaka da waɗannan wurare, irin su Abadam, Guzamala, Kukawa, Marte, Kala Balge, Bama, Gwoza da Damboa. A can kudu kuwa, garin Biu bai taɓa faɗawa hannun Boko Haram ba, ko a farkon 2015 da suka kawo masa farmaki an kora su. Bayo, Shani da Kwaya Kusar sun fi kusa da rayuwar Gombe fiye da ta bakin tafki. Shi kansa Maiduguri, wanda ƙungiyar ta fi kwaɗayin kamawa, bai taɓa fita daga hannun gwamnati ba.

To me ya sa mai sauraro daga nesa yake jin kamar ko'ina wuta ce? Yawancin 'yan jaridar da ke ɗauko labaran yankin a Maiduguri suke zaune, domin can ne ake samun waya, da jami'an da za su yi magana, da asibitin da ake kawo waɗanda suka ji rauni. Saboda haka labarin harin da aka kai Baga zai fito da sunan Maiduguri a samansa, alhali tsakanin garuruwan biyu akwai tafiyar kusan kilomita 200, wato ya fi nisan Kano zuwa Katsina. Ofisoshin jakadancin ƙasashen Turai da Amurka kuma, idan za su gargaɗi mutanensu, jiha guda suke shafa wa jan launi, ba sa bin ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan taswirar kamfanonin inshora da na kwangila suke ɗaukar hukuncinsu. Ga kuma dabi'ar labari ita kanta: ranar da aka ci Kasuwar Litinin ta Maiduguri lafiya aka tashi lafiya ba ta shiga jarida.

Wanda ya san jihar ba ya tambayar ko Borno lafiya. Tambayarsa ita ce wace hanya, da ƙarfe nawa, a wane wata. Hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, mai tsawon kilomita 130 da wani abu, ita ce jijiyar garin, kuma sojoji na rufe ƙofar shiga da yamma. Wanda ya makara sai ya kwana a waje, kuma abin da ya faru a Auno ke nan a Fabrairun 2020, inda aka afka wa matafiyan da suka kwana a bakin hanya aka kashe kusan mutum 30. Hanyar Maiduguri zuwa Biu ta Damboa ita ce mafi kusa, amma ta sha rufewa, sai mutane su zaga ta Damaturu da Buni Yadi, ko ma ta Gombe, tafiyar sa'o'i kaɗan ta koma ta yini guda. Hanyoyin Dikwa zuwa Gamboru Ngala, da Bama zuwa Banki, da Monguno, an daɗe ana bin su ne a ayari da rakiyar soja, kuma babban haɗarinsu nakiyar da ake binnewa a ƙasa. Da damina ƙasar wajen Dikwa da Rann kan zama taɓo, mota ba ta shiga, hare-haren mota su ragu, da rani kuma su dawo. Wannan shi ne ilimin da direban tasha yake da shi, wanda mai zagin jihar daga Abuja ko Legas bai damu ya nema ba.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Ana magana kamar mutanen Borno ne suka rungumi ƙungiyar, alhali su ta fara ci. Kafin duniya ta san sunan Chibok, 'yan bindiga a kan babur sun yi shekaru suna bin masu unguwanni da limamai da 'yan siyasa gida-gida a Maiduguri. An kashe Malam Bashir Kashara a 2010 saboda yana sukar aƙidarsu a wa'azinsa. An kashe Modu Fannami Gubio, ɗan takarar gwamna, a Janairun 2011. An kashe Malam Ibrahim Birkuti a Biu a Yunin wannan shekarar. A Yulin 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam kusa da Shehun Borno bayan sallar Juma'a, Allah ya tsare shi. An harbe Janar Mamman Shuwa a ƙofar gidansa a ƙarshen 2012, aka kuma kashe Sarkin Gwoza, Idrissa Timta, a hanya a Mayun 2014. Manoman shinkafar da aka yi wa yankan rago a Koshebe kusa da Zabarmari a Nuwamban 2020, waɗanda aka yi jana'izar 43 daga cikinsu a rana ɗaya, ba sojoji ba ne, ba 'yan siyasa ba ne. Wani rahoton hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2021 ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan dubu 350 a arewa maso gabas, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai suka mutu ta bindiga ko bam, sauran yunwa da cuta da rashin asibiti ne suka kashe su, mafi yawansu ƙananan yara.

Kuma waɗannan mutanen ne suka kori ƙungiyar daga babban birninsu. Yana da kyau a fahimci yadda abin ya kasance, domin a nan ne sharrin da ake yi musu yake rushewa. Daga 2011 zuwa farkon 2013 rundunar haɗin gwiwa tana cikin Maiduguri da makamai, amma ta kasa. Dalilin a fili yake: sojan da aka kawo daga wata jiha ba ya jin Barbarci, bai san lungunan Gwange ko Bulabulin ba, ba ya iya bambance ɗan ƙungiya da ɗan makwabcinsa. Idan aka tayar da bam, sai a kama samarin unguwa gaba ɗaya. Wanda ya kai rahoto kuma, kafin dare labari ya kai ga waɗanda ya tona, su zo su kashe shi. Jama'a suka shiga tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki. A ranar 14 ga Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya. Katsewar ta wahalar da kowa, amma ta kuma hana 'yan ƙungiyar saurin sanar da juna wanda ya tona musu asiri. A cikin makonnin da suka biyo baya samari suka fito da gora da adda, suka kafa shingaye a bakin unguwanninsu, suna tare duk wanda suka san fuskarsa suna miƙa wa soja. Su ne 'yan kato da gora. Ba bindiga suka kawo wa yaƙin ba, sanin fuska suka kawo, wanda shi ne abin da sojan ya rasa. Aka rarraba garin shiyya-shiyya, mata suka shiga aikin binciken mata a shingaye, kafin shekara ta ƙare ƙungiyar ta tattara ta koma daji. Da ta dawo da ƙarfinta a Janairu da Fabrairun 2015, lokacin da Bama da Gwoza da Baga da Monguno duk suna hannunta, mutanen gari sun fito tare da sojoji sun tare ta. An zargi wasu 'yan kato da gora da kisan gilla da cin zarafi, kuma zarge-zargen ba na wasa ba ne. Sai dai duk wanda zai kira mutanen Borno magoya bayan ta'addanci sai ya fara bayyana ɗaruruwan samarin nan da suka mutu suna yaƙarta.

Haka batun 'yan gudun hijira. Hotunan da duniya ta sani na sansanoni ne, irin su Bakassi da Dalori, amma mafi yawan waɗanda suka gudo Maiduguri a 2014 da 2015 ba a sansani suka sauka ba, a gidajen mutane suka sauka. Magidancin da ke da ɗaki uku ya bar wa baƙi biyu, wasu dangi, wasu ko sunansu bai sani ba kafin ranar. Ana ƙiyasin yawan jama'ar garin ya ninka a waɗancan shekarun. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana gefen garin da ke fuskantar hanyar Bama, an haƙa mata rami a kewaye, an tayar da bam a masallacinta a Janairun 2017 har wani farfesa ya rasu, duk da haka ta ci gaba da karatu bayan harin. Lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar da ke karantar da marayun ɓangarorin biyu a aji ɗaya, ya kuma shiga tsakani aka sako 'yan matan Chibok 21 a 2016 da 82 a 2017. A Borno aka ga cutar shan inna ta ƙarshe irin ta daji a Afirka, a 2016, kuma masu rigakafin jihar ne suka riƙa bin ayarin soja da mafarauta suna ɗiga wa yara magani a wuraren da ba a shiga, har aka ayyana nahiyar ta rabu da cutar a Agustan 2020.

Akwai masu cewa ai dama can mutanen wurin ba sa son ilimi, shi ya sa aƙidar ta samu gindin zama. Bahaushe ya fi kowa sanin wannan ba gaskiya ba ce, domin har yau idan aka ce almajiri ya tafi gabas, an san inda ya nufa da abin da ya je nema. Sarakunan Kanem sun karɓi Musulunci tun ƙarni na 11. A ƙarni na 13 suna da masauki na ɗalibansu da alhazansu a Alƙahira. Sarakunan Borno kan ba malamai takardar da ke ɗauke musu haraji da aikin yaƙi don su zauna su karantar. Limamin Mai Idris Alooma, Ahmad ibn Furtu, ya rubuta tarihin yaƙoƙin sarkinsa a ƙarni na 16. Bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, muhawarar da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya yi da Muhammadu Bello na Sakkwato ta wasiƙu a kan halaccin yaƙar ƙasar da take Musulma tana cikin manyan muhawarorin ilimi da aka taɓa yi a wannan yanki, kuma abin lura ne cewa ɓangaren Borno shi ne yake cewa zunubi ba ya mayar da Musulmi kafiri. Ƙungiyar da ta zo tana kafirta kowa ta saba wa wannan gadon ne, ba daga cikinsa ta tsiro ba. Gaskiya ne karatun boko ya yi ƙaranci a ƙauyukan arewacin jihar tun kafin yaƙi, amma wannan ciwo ne da Borno ta yi tarayya da jihohin arewa da dama a kansa. Kudancin jihar kuma, ƙasar Bura da Babur da Marghi da Kibaku, inda Kiristoci suke da yawa, ya daɗe da makarantu irin na Waka da ke Biu, ya kuma fitar da malamai da sojoji da ma'aikata masu ɗimbin yawa. Jihar da ta haifi Sir Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, da Shettima Ali Monguno, da Waziri Ibrahim mai siyasa ba da gaba ba, ba za a ce ba ta san boko ba.

Sai zargin cewa Borno kaya ce a wuyan ƙasa, ba ta kawo komai sai kwandon bara. Kafin yaƙi, bandar da ake ci a Onitsha da Legas da yawanta daga Doron Baga take fitowa, ana ƙyafe ta a bakin tafki, a zuba a kwali, a loda a manyan motoci. Shanun Chadi da Kamaru ta Gamboru Ngala da Banki suke shigowa, su bi ta kasuwar shanu ta Maiduguri zuwa kudu, kuma saboda irin wannan ciniki ne aka kai layin dogo garin a 1964. Ga wake, ga ƙaro, ga tumakin balami. Akwai kuma noman da ba kowa ya san shi ba a wajen yankin, wato masakwa, dawar rani da ake yi a baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Ngala da Marte. Manomi kan tayar da ƙananan kunyoyi su tare ruwan damina ya kwanta ya jiƙa laka sosai, ya yi rainon iri a gefe wajen ƙarshen damina. Idan ruwa ya janye a watan Satumba zuwa Oktoba, sai a share ciyawa, a huda ƙasa da sanda mai tsini, a zuba ɗan ruwa a ramin, a dasa. Daga nan ba ban ruwa, ba jiran sama, danshin da lakar ta riƙe ne zai kai ta har girbi a Janairu ko Fabrairu. Idan aka makara da dashe ƙasa ta tsage, an yi asara, haka idan jan baki suka sauka a kai.

Abin da ya karya wannan tattalin arziki ba lalaci ba ne. Mayaƙa sun ƙona kasuwanni sun kafa haraji a kan masunta da makiyaya. Sojoji kuma, don su toshe musu hanyar kuɗi da abinci, suka hana cinikin kifi na tsawon lokaci, suka rufe wasu kasuwannin dabbobi, suka taƙaita takin zamani samfurin yuriya saboda ana haɗa bam da shi, suka hana shuka dogayen amfanin gona kamar dawa da masara kusa da hanya da gari. An hana babur a Maiduguri tun Yulin 2011. Daga 2019 da aka tattara sojoji a manyan sansanoni, garuruwa suka zama masu ganuwar rami, manomi ba ya wuce 'yan kilomitoci daga ramin, mutum dubbai suna rububin gonar da ba ta ishi ɗari ba. Wanda ya wuce iyaka don ya samo itace ko ya duba gona, ko dai mayaƙa su ɗauke shi ɗan leƙen asirin soja, ko soja ya ɗauke shi ɗan aiken mayaƙa. Ta nan yunwar ta shigo. A Janairun 2021 kuma aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birni mai mutum miliyoyi ya zauna a duhu, masu walda da masu ƙanƙara suka koma kan janareta, har sai da aka buɗe tashar gas mai megawat 50 a 2023.

Kare Borno ba ya nufin wanke shugabanninta. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2011 ƙarƙashin Usman Gaji Galtimari ya danganta tushen rikicin da 'yan bangar da 'yan siyasa suka tara gabanin zaɓen 2003 suka watsar bayan sun ci moriyarsu. An bar Muhammad Yusuf, jagoran ƙungiyar na wancan lokacin, yana wa'azinsa shekaru a tsakiyar gari duk da ƙorafin malamai. An yi zanga-zanga a sansanoni a 2016 saboda karkatar da abincin 'yan gudun hijira. Rufe sansanonin Maiduguri da aka fara a 2021 ya mayar da wasu garuruwan da ba su gama zama lafiya ba, kuma karɓar dubban tubabbun mayaƙa bayan mutuwar shugabansu Shekau a wannan shekarar yana yi wa waɗanda aka kashe wa iyaye ciwo har yanzu. Gwamna Babagana Zulum da kansa ya fito a Afrilun 2025 ya ce hare-hare sun dawo, jihar tana asarar wuraren da ta ƙwato.

Sai dai a nan ma a raba laifi yadda ya kamata. 'Yan sandan da Muhammad Yusuf ya mutu a hannunsu ranar 30 ga Yulin 2009 ba tare da an kai shi kotu ba, na tarayya ne. Barikin Giwa, inda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce mutane da yawa sun mutu a tsare, na tarayya ne. Jirgin da ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann bisa kuskure a Janairun 2017, na tarayya ne. Tsaron iyakoki uku da makamai ke ratsawa ba aikin gwamna ba ne, tsarin mulki bai ba shi ikon ba da umarni ga soja ko ɗaya ba. Ko madatsar ruwan Alau, wadda ta ɓalle a Satumban 2024 ta shanye wani babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi ne, ita ma ta tarayya. Aikin noman rani na Kudancin Chadi da aka tsara a New Marte don ya shayar da hekta dubu 67, wanda da ya ɗauki dubban samarin da suka zauna ba aikin yi, ya tsaya ne tun shekarun 1980 da tafkin ya janye ya bar bakin magudanar ruwansa a busasshiyar ƙasa, kuma hukumar da ke riƙe da shi ita ce dai wadda ke riƙe da Alau.